A cire ko a gyara: Tsaka mai wuyar da likitocin haƙori ke ciki a Kano

Likitan haƙori kan shafe shekaru shida a jami'a yana koyon dabarun ceto haƙorin da ya fara lalacewa, amma a unguwanni irin su Kaura Goje da ke birnin Kano, buƙatar da aka fi zuwa masa da ita guda ɗaya ce, wato a cire.

Kaura Goje dai ɗaya ce daga cikin mazaɓu 11 na ƙaramar hukumar Nassarawa, wadda ƙidayar jama'a ta shekarar 2006 ta nuna cewa tana da mutane kusan dubu 600, adadin da ya ƙaru matuƙa tun daga wancan lokaci.

Unguwar tana yanki ɗaya ne da Gama da Gwagwarwa da Tudun Wada, inda akasarin mazauna ƙananan 'yan kasuwa ne da masu sana'ar hannu da ƙananan ma'aikata, waɗanda da yawansu sai sun fita suke samun na cefane.

Ba za a ce asibiti ya yi musu nisa ba. Asibitin Muhammad Abdullahi Wase, wanda aka fi sani da Asibitin Nassarawa, yana cikin ƙaramar hukumar, haka ma Asibitin Sir Muhammadu Sanusi. Akwai sassan kula da haƙori a Asibitin Murtala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, baya ga asibitocin haƙori masu zaman kansu da ke unguwannin masu hali irin su GRA ta Nassarawa.

To sai dai kusancin asibiti bai sa mutane suna zuwa da wuri ba, kuma daga wannan jinkiri ne akasarin matsalolin da likitan haƙori ke fama da su a kullum suka samo asali.

Sai ciwo ya hana barci

Haƙori ba ya ruɓewa dare ɗaya. Ƙwayoyin cutar da ke manne a jikinsa suna cin ragowar sukarin da ke baki, su fitar da wani sinadari mai tsami da ke zaizaye farin ɓawon da ya lulluɓe haƙorin, sannu a hankali har kogo ya samu.

A wannan mataki mutum ba ya jin komai, in ban da ɗan tsami-tsami idan ya sha ruwan sanyi ko wani abu mai zaƙi. Da a lokacin zai je asibiti, aikin bai wuce a kankare wurin da ya ruɓe a cike shi a zama ɗaya ba.

Idan aka bar kogon kuwa, sai ya ci gaba da zurfi har ya kai ga jijiyar da ke tsakiyar haƙori. A nan ne ciwon da ke hana barci yake farawa, kuma a nan ne mutane da dama ke fara neman magani, amma ba a asibiti ba.

Wasu kan cusa kanumfari ko kanwa ko gishiri a cikin kogon, wasu su nufi kemis a haɗa musu maganin kashe zafi da na kashe ƙwayoyin cuta. Akan samu masu ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi, ko su ɗiga fetur ko ruwan batir, abubuwan da ke ƙona naman baki ba tare da sun taɓa tushen ciwon ba.

Bayan wani lokaci zafin kan lafa, mai ciwon ya ɗauka ya warke, alhali kuwa jijiyar ce ta mutu. Daga nan sai mugunya ta taru a gindin saiwar haƙorin, kunci ya kumbura.

Idan turmin ƙasa ne ya ruɓe, mugunyar na iya gangarawa ƙarƙashin harshe da wuya ta toshe hanyar numfashi, yanayin da wani likita Bajamushe, Wilhelm von Ludwig, ya bayyana tun a shekarar 1836, ake kuma kira da sunansa. Yana iya hallaka mutum cikin 'yan kwanaki, musamman mai ciwon sukari.

Wato ke nan ciwon da ɗan ciko na rabin sa'a zai iya tsayarwa, shi ne kan kai mutum ɗakin tiyata ana ƙoƙarin ceto ransa.

Lissafin aljihu

Haƙorin da jijiyarsa ta kamu ba lallai ne a rasa shi ba. Likita na iya huda shi ya kwashe jijiyar, ya wanke ramukan saiwar ya toshe su, sannan a sa masa hula domin kada ya fashe.

Aikin kan buƙaci ɗaukar hoto da zuwa asibiti sau biyu ko uku, kuma kuɗinsa ya ninka na cirewa sau da yawa. Ita kuwa cirewa, allura ce da 'yan mintuna, mutum ya koma gida ciwo ya tafi.

A Najeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan kiwon lafiya daga aljihun jama'a yake fitowa kai tsaye. Shirin inshorar lafiya na ƙasa da aka ƙaddamar a shekarar 2005 ya fi amfanar ma'aikatan gwamnatin tarayya. Duk da dokar shekarar 2022 da ta wajabta inshorar ga kowa, da kuma hukumar taimakekeniyar lafiya ta jihar Kano, KSCHMA, mafi yawan masu sana'ar hannu ba sa cikin kowane tsari. Ko ga waɗanda ke ciki, manyan ayyuka irin su hula da dashen haƙori galibi ba sa cikin abin da inshorar ke ɗaukar nauyinsa.

A nan ne likita ke samun kansa gaba kura baya sayaki. Ya ga haƙorin zai gyaru, amma mutumin da ke kan kujera na da iyali da kuɗin haya da na makarantar yara, a ƙasar da aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan Naira dubu 70 a shekarar 2024.

Idan ya nace kan gyara, mai ciwon na iya biyan kuɗin zama na farko, da zarar zafin ya tafi sai ya ƙi komowa. Haƙorin da aka buɗe ba a ƙarasa ba kan sake kamuwa ko ya fashe, a ƙarshe a cire shi, an yi asarar kuɗi da haƙori gaba ɗaya.

Idan kuma ya cire, ya san abin da zai biyo baya. Haƙoran da ke gefen giɓin kan karkata, wanda ke daura da shi ya zubo, ƙashin muƙamuƙi ya motse a wurin, tauna ta koma ɓangare ɗaya. Wanda aka cire wa turmi ɗaya a bana, sau da yawa yakan dawo da wani baɗi.

Hatta bayanin kansa ma yana da wuya. Ƙa'idar aiki ta wajabta wa likita ya shaida wa majinyaci duk hanyoyin da ake da su, amma da zarar ya ambaci mai tsada, wasu kan zarge shi da neman kuɗi. Idan ya yi shiru saboda ganin yanayin suturar mutum, ya yanke masa hukunci ke nan ba tare da ya tambaye shi ba.

Abin ya fi ciwo a kan yara. Turmin farko na dindindin kan fito ne yaro yana da kimanin shekaru shida, a can bayan haƙoran yarinta, ba tare da wani ya faɗi ba. Iyaye da dama kan ɗauka yana cikin waɗanda yaro zai famfare, su ƙyale shi ya ruɓe. Haƙorin da aka yi shi domin ya kai mutum tsufa sai a cire shi tun yaro bai gama firamare ba.

Kujera mai cin wuta da dala

Likitan da ke duba zazzaɓi na iya aikinsa da abin awo da biro ko da babu wutar lantarki. Likitan haƙori ba ya da wannan dama. Kujerar da fitilarta, da injin da ke hura iskar da ke juya abin kankare haƙori, da bututun zuƙe yawu, da na'urar ɗaukar hoto, dukkansu da wuta suke aiki.

Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar gyara, aiki ya tsaya sai an tayar da janareta. Cire haƙori kuwa ana iya yinsa da hannu da hasken tocila. Saboda haka rashin wuta kansa yana tura asibiti ga cirewa.

Janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya ninka kuɗin tafiyar da janareta, sannan a watan Afrilun 2024 aka ƙara wa masu amfani da wuta na rukunin A farashi daga ƙasa da Naira 70 zuwa Naira 225 kan kowane ma'auni.

Kazalika kusan duk abin da likita ke sa wa a bakin majinyaci daga waje ake shigo da shi, kama daga allurar kashe zafi da kayan ciko zuwa 'yan siraran ƙarafan wanke saiwa. Bayan da aka saki Naira kasuwa ta yi mata farashi a watan Yunin 2023, dalar da ake saya kimanin Naira 460 a hukumance ta haura Naira 1,500 a watan Fabrairun 2024.

Mai asibiti mai zaman kansa sai dai ya zaɓi ɗaya: ya ƙara kuɗi ya kori talaka, ko ya koma kan kaya masu araha da bai amince da ingancinsu ba. A asibitin gwamnati kuwa, inda kuɗin ya fi sauƙi, layi ne mai tsawo, kuma kujera ɗaya idan ta lalace takan rage yawan mutanen da za a gani har sai an samo kayan gyaranta.

Akwai kuma batun tsabtace kayan aiki. Aikin haƙori aiki ne na jini da yawu, kuma dole ne duk ƙarfen da ya shiga bakin wani a turara shi a tukunya ta musamman mai zafin da ya kai digiri 121 zuwa 134 kafin ya shiga bakin wani. Ita ma tukunyar wuta take ci, kuma tana ɗaukar lokaci.

Wani babban binciken da gwamnatin Najeriya ta gudanar a shekarar 2018 ya nuna cewa kimanin mutum 8 cikin 100 na manya na ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Likitan da ke da kayan aiki kaɗan da mutane da yawa a layi, dole ya jure ƙorafin masu jira, domin gaggawa a nan na iya zama sanadin ɗaukar cuta daga wannan baki zuwa wancan. Shi kansa yana cikin haɗari duk ranar da allura ta soke shi, ban da ciwon baya da na wuya da ke addabar masu wannan sana'a saboda yawan sunkuyo.

Takaddama kan cikon zaiba

Fiye da shekaru 150 ke nan likitoci a duniya na cike kogon haƙori da wani haɗin ƙarfe mai launin azurfa, wanda kusan rabinsa zaiba ce. Yana da araha da ƙarko, kuma ɗan yawu ba ya ɓata shi.

Matsalar ita ce zaiba guba ce idan ta shiga ruwa da ƙasa. Yarjejeniyar Minamata da ƙasashen duniya suka rattaba wa hannu a shekarar 2013, wadda Najeriya ta amince da ita a 2018, ta buƙaci a rage amfani da wannan ciko. A shekarar 2022 aka ƙara da cewa a guje masa ga yara 'yan ƙasa da shekaru 15 da mata masu juna biyu da masu shayarwa.

Tarayyar Turai ta haramta shi daga farkon shekarar 2025, sai a wasu yanayi na larura, kuma a watan Nuwamban 2025 ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar suka tsayar da 2034 a matsayin lokacin daina amfani da shi.

Farin cikon da ya maye gurbinsa ya fi kyan gani, amma ya fi tsada, yana buƙatar a busar da wurin ƙaraf da kuma wata fitila ta musamman da ke daskarar da shi. Idan aka yi shi cikin gaggawa ko babu abin zuƙe yawu, ba ya daɗewa yake faɗuwa.

Ga likitan da ke aiki a tsakanin masu ƙaramin ƙarfi, abin tsoron shi ne idan ciko mai araha ya ɓace ba a samar da madadinsa ba, wasu daga cikin haƙoran da a da ake cikewa za su koma sahun waɗanda ake cirewa.

'Yan baranda a sana'ar

A dokar Najeriya, Majalisar Kula da Aikin Likita da Likitan Haƙori ta Ƙasa, MDCN, ita ke ba likitan haƙori lasisi. Akwai kuma jami'an da suka ƙware a wankin haƙori da rigakafi, da masu ƙera haƙorin roba da hula, kowane rukuni da hukumarsa da iyakar aikinsa.

Amma ga mai ciwo, duk wanda ya sa farar riga ya riƙe awartaki likita ne. A kasuwanni da lunguna akan samu masu cire haƙori ba tare da horo ba, da masu tallan maganin da suke cewa yana fitar da tsutsa daga kogon haƙori.

Wannan camfi na tsutsa ya daɗe a duniya, tun zamanin tsoffin daulolin ƙasar da ake kira Iraƙi a yau. Pierre Fauchard, Bafaranshen da ake wa kallon uban ilmin haƙori na zamani, ya yi watsi da shi tun a ƙarni na 18, amma har yanzu yana ciyar da wasu.

Abin da suka ɓata a gaban likita yake ƙarewa: saiwar da ta karye aka bar ta a ciki, jinin da ya ƙi tsayawa, ko haƙorin roba da aka manna a jikin lafiyayyu har dasashi ya ruɓe a ƙarƙashinsa. Hukumar kula da asibitoci masu zaman kansu ta jihar Kano, PHIMA, takan rufe wuraren da ke aiki ba bisa ƙa'ida ba, amma muddin kuɗin asibiti ya fi ƙarfin mutane, masu arahar ba za su rasa kasuwa ba.

Har ila yau akwai matsin lambar da likita ke fuskanta kan rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta. Akasarin ciwon haƙori ba ya warkewa da ƙwaya, sai an taɓa haƙorin kansa, amma mai ciwon da ke tsoron allura ko ba ya da kuɗin aiki kan roƙi a rubuta masa magani kawai.

Idan likita ya ƙi, mutumin zai saya a kemis. Idan ya yarda, ya ƙara wa matsalar bijirewar ƙwayoyin cuta ga magunguna, wadda wani bincike da mujallar Lancet ta wallafa ya ƙiyasta cewa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 1 da dubu 270 a duniya a shekarar 2019 kaɗai.

Addini da al'ada

A Kano likitan haƙori na da wani gata da takwarorinsa na wasu ƙasashe ba su da shi, domin tsabtar baki ibada ce a wajen Musulmi. Hadisan da Bukhari da Muslim suka ruwaito sun nuna yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kwaɗaitar da yin asuwaki a lokacin kowace salla.

Bincike ya nuna cewa itacen asuwaki, idan aka iya amfani da shi, yana kankare dattin da ke manne wa haƙori. Sai dai ba ya isa lungunan da ke tsakanin turame yadda ya kamata, kuma ba ya maye gurbin man goge baki mai sinadarin fuloraid da ke ƙarfafa ɓawon haƙori. Haka nan abincin ya sauya. Kakannin da asuwaki ya wadatar ba su tashi da alewa da biskit da lemon kwalba a kowace kusurwa ba.

A watan Ramadan mutane da dama kan ƙaurace wa asibitin haƙori da rana saboda tsoron karyewar azumi, su zauna da ciwo har ya yi tsanani. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Jidda a shekarar 1997, ta yanke cewa huda haƙori ko cire shi ko wanke shi ba ya karya azumi, matuƙar mutum ya kiyaye haɗiye abin da ya kai maƙogwaro. Wannan fatawa ba ta isa kunnen kowa ba, shi ya sa likita kan koma mai bayanin fiƙihu kafin ya kama aikinsa.

Wata tsaka mai wuyar kuma ita ce ta kwalliya. Haƙorin Makka da alhazai ke dawowa da shi alama ce ta an sauke farali, amma idan ba a auna shi daidai ba, abinci kan maƙale a gefensa, haƙorin da ke ciki ya ruɓe a ɓoye.

Akwai masu zuwa a sassaƙa musu wushirya, da 'yan matan da ke son a ɗaura musu wayar haƙori domin ado kawai. Aiki ne mai kawo kuɗi, amma ɓawon haƙori ba ya sake tohowa idan aka sassaƙe shi, kuma malamai sun bambanta tsakanin gyaran larura da sassaƙar ado, wadda hadisi ya hana. Likitan da ya ƙi ya san cewa akwai wani a waje da ba zai ƙi ba.

Kaɗan ne, kuma suna tafiya

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta fitar a watan Nuwamban 2022 ya ƙiyasta cewa mutum biliyan uku da rabi ne ke fama da cututtukan baki a duniya, kuma uku daga cikin kowane huɗu na zaune ne a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi.

Alƙaluman hukumar sun nuna cewa a yankin Afirka likitan haƙori ɗaya ne ga kimanin mutum dubu 30, kusan kashi ɗaya bisa goma ke nan na matsakaicin adadin duniya.

A Najeriya, Jami'ar Legas ce ta fara horar da likitocin haƙori a shekarar 1966, sannan Ibadan da Ife da Benin suka biyo baya a shekarun 1970. Arewacin ƙasar bai samu nasa tsangayoyin ba, irin na Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Bayero ta Kano, sai bayan shekarar 2000. Su ma likitocin da ake da su a jihar Kano, mai ƙananan hukumomi 44, sun fi taruwa ne a cikin birni.

Bayan shekaru shida na karatu da shekara guda ta sanin makamar aiki da wata ta hidimar ƙasa, matashin likita kan tarar cewa gurbin aikin gwamnati kaɗan ne, buɗe asibitin kansa kuma na buƙatar jarin da ba ya da shi. Shi ya sa da yawa ke sa ido kan Saudiyya da sauran ƙasashen yankin Gulf, ko su zauna jarrabawar samun lasisin aiki a Birtaniya.

Ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya ce a shekarar 2024 likitoci kimanin dubu 16 ne suka bar Najeriya cikin shekaru biyar. Wani ƙudurin doka da ya tsallake karatu na biyu a Majalisar Wakilai a watan Afrilun 2023, wanda ya nemi a tilasta wa sabbin likitoci da likitocin haƙori aikin shekaru biyar a gida kafin a ba su cikakken lasisi, ya gamu da kakkausar suka daga ƙungiyoyin likitoci, waɗanda suka ce gyara albashi da kayan aiki ne mafita.

Wanda ya zauna kuwa, aikin waɗanda suka tafi a kansa yake sauka. Idan layi ya yi tsawo, aikin minti goma ne kan ci nasara a kan na sa'a guda.

Lokacin da ciwon baki ya zama batun rai

Babu cutar da ta fi nuna illar jinkiri kamar noma, wadda ake kira zaizayar baki. Takan fara ne da ɗan gyambo a dasashin yaro mai shekaru biyu zuwa shida da ke fama da tamowa, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro, sannan cikin 'yan kwanaki ta cinye leɓe da kunci har da ƙashi.

WHO ta ƙiyasta cewa tana iya kashe har kashi 90 cikin 100 na yaran da ba su samu magani ba, alhali a matakin farko maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsabtace baki da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da ita.

Arewa maso yammacin Najeriya na cikin yankunan da cutar ta fi kamari. A Sakkwato akwai asibitin yara na musamman domin ta tun shekarar 1999, wanda ƙungiyar likitoci ta MSF ke tallafa wa tun 2014. Najeriya ce kuma ta jagoranci yunƙurin da ya sa WHO ta sanya noma cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su a watan Disamban 2023.

Galibi yaran ba sa isa gaban likitan haƙori sai an makara. Wanda zai iya ganin gyambon da wuri shi ne uwa, ko jami'in lafiya na unguwa da ya saba buɗe bakin yaro ya duba.

Ina mafita?

Masana harkar lafiya sun fi karkata ga cewa ƙara yawan likitoci kaɗai ba zai warware matsalar ba, sai an tare ciwon tun kafin ya kai ga jijiya.

Akwai hanyar cike kogo da 'yan ƙarafan hannu kawai, ba wuta ba inji, wadda aka fara gwadawa a Tanzaniya a shekarun 1980, kuma jami'an lafiyar haƙori da aka horar za su iya yinta a makarantu da ƙananan asibitoci. A shekarar 2021 WHO ta sanya kayan wannan ciko, tare da man goge baki mai fuloraid da wani ruwan magani da ke tsayar da ruɓewa, cikin jerin muhimman magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada.

Hukumar ta kuma ba da shawarar kada sukarin da babban mutum ke sha a rana ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12, kuma idan ya tsaya a shida ya fi. Najeriya ta fara karɓar harajin Naira 10 kan kowace lita ta lemon kwalba a shekarar 2022, harajin da masu fafutukar kiwon lafiya suka ce ya yi kaɗan.

Ƙasar ta ƙaddamar da manufarta ta kula da lafiyar baki tun a shekarar 2012, wadda ta tanadi shigar da aikin cikin kiwon lafiya matakin farko. Burin da ƙasashen duniya suka amince da shi kuwa shi ne nan da shekarar 2030 kashi 80 cikin 100 na al'ummar duniya su samu damar cin gajiyar muhimman ayyukan lafiyar baki.

Jihar Kano na da mazaɓu 484, kuma tsarin ƙasa shi ne kowace mazaɓa ta samu aƙalla ƙaramin asibiti guda mai aiki. Ko mazauna Kaura Goje da makamantanta za su riƙa isa gaban likita da haƙorin da zai gyaru, ya danganta ne da ko waɗannan ƙananan asibitoci za su samu wanda zai duba baki ya cike ɗan kogo a farashin da mai sana'ar hannu zai iya biya.